Baiwa, Dukiya da Kwali: Wa Jarrabawa Take Zaɓa a Ƙasar Gumel?

A Nijeriya ta yau kusan kowace ƙofar aikin albashi da takarda ake buɗe ta. Malamin firamare sai da NCE, ɗan sanda sai da sakamakon sakandare, mai neman kujerar majalisa ma kundin tsarin mulki ya ce sai ya kai matakin sakandare. Hujjar tsarin tana da ƙarfi: a daina tambayar ɗan wane ne, a tambayi abin da ke cikin kansa. Jarrabawa ba ta san sarauta ba, ba ta san talauci ba, kowa da lambarsa. Wannan nazari zai gwada hujjar nan a kan wuri guda, wato Sule Tankarkar da maƙwabtanta Gumel da Maigatari da Gagarawa, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel a Jihar Jigawa. Abin da nake son nunawa shi ne, jarrabawa takan faɗi gaskiya daidai gwargwado game da waɗanda suka zauna mata, amma ba ta cewa komai game da waɗanda ba su iso ɗakin ba, kuma dukiya takan gama yawancin aikinta tun kafin a raba takardar tambaya.

Sule Tankarkar ƙasar rairayi ce a bakin iyakar Nijar, damina gajeriya, abin dogaro gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo da kiwo. Ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 130,000 a cikinta, warwatse a mazaɓu irin su Danladi da Danzomo da Jeke da Amanga da Takatsaba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sa kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa ƙarƙashin layin talauci, inda jihohi biyu kaɗai suka fi ta, Sakkwato da Taraba. A irin wannan wuri idan an ce dukiya ba manyan gidaje ake nufi ba. Ana nufin rumbun da zai kai sabon hatsi, shanun huɗa, mashin a tsakar gida, da mutum guda a cikin dangi da albashi yake shigo masa ƙarshen wata. Bambanci ne ƙarami a idon baƙo, amma shi yake raba yaron da zai ci gaba da wanda zai tsaya.

Tarihi yana da abin faɗa a nan. Karatun boko a Arewa ba da neman haziƙai ya fara ba. Makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta fi mayar da hankali ga 'ya'yan sarakuna da malamai, domin Turawa masu riƙe musu En'e suke nema. Kwalejin Katsina ta 1922 ta ɗan faɗaɗa ƙofar, amma da hannun hukumar gargajiya ake zaɓen wanda zai shiga. Sai a shekarun 1970 ɗan talakan ƙauye ya sami hanya da gaske. An ƙaddamar da shirin UPE a 1976, a shekarar kuma aka buɗe babbar makarantar horon malamai a Gumel, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa. A 1977 tsohuwar Jihar Kano, wadda Gumel take cikinta har 1991, ta kafa makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara wasu, ciki har da Kafin Hausa da ta mata a Taura. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a 1988 a kan waɗannan makarantu. Da jarrabawa ake shigarsu, amma da yaro ya ci gwamnati ta ɗauke wa ubansa kwana da abinci da littafi. Yawancin likitoci da injiniyoyi da manyan ma'aikatan da ake nunawa yau a ce ɗan manomi ne ya zama wani abu, 'ya'yan wancan zamani ne. Baiwarsu gaskiya ce, ƙoƙarinsu gaskiya ne, sai dai akwai wanda ya biya kuɗin hanyar, wato baitulmali. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu na 1986, nauyin ya riƙa komawa wuyan iyaye sannu a hankali, jarrabawar kuwa tana nan yadda take.

Mu ɗauki yara biyu a matsayin misali, masu kaifin ƙwaƙwalwa iri ɗaya ran haihuwa. Ɗaya ɗan ma'aikacin sakatariya a cikin garin Sule Tankarkar, ɗaya ɗan manomi a wata unguwa da ke nesa da titi. Tazarar farko a cikin kwanon abinci take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma masana lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa abin da yaro ya rasa daga cikin uwa zuwa shekara 2 yana taɓa girman ƙwaƙwalwa, ba jiki kaɗai ba. Ke nan abin da malami zai kira baiwa a aji ɗaya, wani ɓangarensa madara ce da ƙwai da maganin zazzaɓin da aka samu a kan lokaci. Wannan ne wurin da ya fi ci mini rai, domin yaron da aka yi wa wannan asara bai ma kai shekarun da zai yi ƙoƙari ko lalaci ba.

Sannan ga kalandar makaranta, wadda ba ta san damina ba. Zango na uku yana cin lokacin shuka da noman farko. Zangon farko yana faɗawa kan girbin gero, yankan riɗi, roron wake da ɓarar zoɓo. Gidan da zai iya ɗaukar 'yan ƙwadago yaronsa yana aji. Gidan da ba zai iya ba, yaron shi ne ɗan ƙwadagon. Uban da ya ce ɗansa ya bi shi gona ba jahili ba ne, lissafi ya yi: riɗin da aka bari ya bushe a tsaye zubewa zai yi, abincin shekara kuma ba ya jiran hutun makaranta. Makonnin da ake rasawa kowace shekara suna taruwa, har yaro ya kai aji shida bai iya karanta shafi ba, malami ya rubuta cewa ba ya ganewa. Ga 'ya mace kuma akwai talla da ɗiban ruwa da raino, da maganar aure da take tasowa daidai lokacin shiga babbar sakandare. Gwamnatin Sule Lamido ta ayyana karatun mata kyauta, abin a yaba ne, amma kuɗin makaranta ɗaya ne kawai daga cikin kuɗaɗen karatu. Akwai kayan makaranta, kuɗin mota, guzuri, da ribar tallan da uwa za ta haƙura da ita.

Babban shingen shi ne Turanci. Shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, kuma ban da darussan harshe, duk sauran da Turanci ake tambaya. Yaron da ya fahimci yadda tsiro ke shan ruwa, amma bai gane kalmar da aka yi tambayar da ita ba, a takarda daidai yake da wanda bai san komai ba. Ɗan ma'aikaci yana jin Turanci a talabijin, yana ganin takardu a gida, yana da wa ko ya da za su duba masa aikin gida, idan hali ya yi a sa shi lesin ko makarantar kuɗi a Gumel. Masanin zamantakewa na Faransa Pierre Bourdieu ya nuna tun a 1964, tare da abokin aikinsa Passeron, cewa makaranta takan ba da lada ga abin da yaro ya zo da shi daga gida, sannan ta kira shi hazaƙa. A wurinmu abin ya fi na Faransa tsanani, domin su aƙalla harshen gida da na makaranta guda ne.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Ba kuɗi kaɗai ne dukiyar da take aiki ba. Akwai attajirin da yake sayar da garken shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, amma 'ya'yansa ba su wuce ƙaramar sakandare ba, domin gidan bai ga abin da kwali zai ƙara musu ba. Akwai kuma malamin firamaren da albashinsa ba ya kai tsakiyar wata, amma ya kai 'ya'ya uku jami'a. Abin da malamin yake da shi sanin hanya ne. Ya san ranar da ake fara sayar da fom, ya san darussan da ake haɗawa idan ana neman aikin likita ko lauya, ya san idan sunan da ke katin NIN ya saɓa da na sakamakon jarrabawa za a sha wahala, ya san wanda za a kira idan abu ya cije. Yara da yawa masu maki mai kyau sun rasa shekara guda saboda mai shagon kwamfuta ne ya zaɓar musu kwas da jami'a. Wannan sani gado ne, ana barin sa ga 'ya'ya kamar gona, kuma gidan da bai taɓa fitar da ɗan jami'a ba ba shi da ko taƙi.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. An yi haka don rage satar amsa, an kuma rage. Amma a dubi ɗakin da kyau. Tambaya 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, 60 daga ciki na Turanci. Yaron da ya taso da wayar hannu mai intanet ya yi ta gwada tsofaffin tambayoyi, yatsunsa sun san inda harufan suke. Na kusa da shi ya kwana a gidan wani ɗan garinsu domin cibiyoyin a manyan garuruwa suke, ya fito da asuba ba karin kumallo, yau ne karo na biyu ko na uku da ya zauna gaban allon kwamfuta. Yana neman harafin da zai danna ya wuce gaba, agogon da ke saman allon yana ta raguwa, gumi yana jiƙe takardar lissafin da aka ba shi. Idan sakamako ya fito ba za a rubuta wannan ba, lamba ce kawai za ta zo ta waya. A 2025 fiye da mutum miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 da suka zauna ba su kai maki 200 daga 400 ba. Mai hali zai sake saya baɗi, ya shiga lesin na wata shida. Marar hali sau ɗaya ake sayar masa da akuya.

Lokacin da kuɗin yake tasowa shi ma yana da tasiri. An rage kuɗin fom ɗin JAMB daga Naira 5,000 zuwa 3,500 daga 2019, amma fom ɗin ƙaramin ɓangare ne kawai na lissafin. Akwai kuɗin cibiya, zuwa da dawowa don rajista, sake zuwa don jarrabawa, tantancewar jami'a, sannan rajistar shiga, wadda jami'o'in tarayya da dama suka ninka a 2023, shekarar da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya tashi. A watan Agustan shekarar aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, kuma duk gidan da ke ci daga dabba ko dako ko dillanci a wannan yanki ya ji a jikinsa. Yaron da sunansa ya fito a irin wannan shekara, aka ba shi makonni kaɗan ya biya, ba ƙwaƙwalwarsa ce za ta yanke hukunci ba.

Gwamnatin tarayya ta san akwai rashin daidaito, shi ya sa ake raba guraben jami'o'inta kashi uku: 45 bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma Jigawa tana cikinsu. Haka ma a jerin makin shiga makarantun sakandare na haɗin kan ƙasa da aka fitar a 2013, ɗan Anambra sai ya kai 139, ɗan Jigawa 44. Mutanen Kudu sun yi ta ƙorafi a kan haka. Ni ina goyon bayan manufar rabon, amma ina ganin ma'auninsa ya karkace, kuma ɗan ƙauyen Jigawa ne ya fi cutuwa da karkatar. Rabon yana duba jihar asali, ba ya duba inda yaro ya yi karatu. Abin da ake nema takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ce. Ɗan babban ma'aikacin da aka haifa a Abuja ko Kano, ya yi makarantar kuɗi tun daga nazire, wanda sai da salla yake ganin garin kakansa, yana da cikakken haƙƙin karɓar wannan takarda, kuma da ita zai shiga layi ɗaya da yaron da ya yi firamare a ƙarƙashin bishiya. Ba laifi ya yi ba, doka ce ta ba shi. Amma sassaucin da aka yi domin talaucin yankin, wanda ya riga ya tsira daga talaucin ne ya fi samun damar cin sa. Ɗan Takatsaba da aka yi makin 44 dominsa wataƙila bai taɓa jin akwai wannan jarrabawa ba.

Idan wani ya yi shakkar cewa akwai baiwa a ƙauyukan nan, ya leƙa tsangaya. Yaro yakan haddace izu sittin, ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya rubuta Alƙur'ani da ka, da wasali da ɗigo, malamai su bi shi harafi harafi suna neman kuskure. Matakan sanannu ne, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har alaramma da gwani, kuma ba a hawansu da kuɗi, a bainar jama'a ake gwada mutum. Ya leƙa kuma kasuwar Maigatari, inda dillali zai zagaya sa sau ɗaya ya faɗi shekarunsa da kimar namansa, ya juya lissafin sefa zuwa Naira a ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Ba ina cewa hadda daidai take da ilimin haɗa magunguna ba ne, ko a ba dillali asibiti. Cewa nake irin ƙwaƙwalwar da waɗannan ayyuka suke bukata, ta riƙo da natsuwa da saurin lissafi, ita ce dai makarantar boko take nema, kuma tana nan birjik a gidajen da kwali bai taɓa shiga ba. Wani bincike da Raj Chetty da abokansa suka yi a Amurka ya gano cewa 'ya'yan mafiya arziki, kashi 1 cikin 100 na sama, sun ninka 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sau 10 wajen zama masu ƙirƙira, kuma tazarar tana nan ko tsakanin yaran da suka yi fice a lissafi tun suna ƙanana. Idan haka abin yake a can, asarar da ake yi tsakanin Gagarawa da iyakar Nijar ba ƙarama ba ce.

Samun kwalin ma ba shi ne ƙarshen tsere ba. Ronald Dore, a littafinsa na 1976 da ya kwatanta Ingila da Japan da Siri Lanka da Kenya, ya nuna cewa ƙasar da ta makara wajen ci gaba ta fi dogara ga takarda wajen ɗaukar aiki, kuma darajar takardar ta fi saurin zubewa a cikinta. Mun gani da idonmu. A da mai shaidar malanta ta Gumel aiki yake jiransa. Yau mai digiri yana zaune da na'urar POS a bakin tasha, ana ce masa ya ƙaro na biyu. Duk lokacin da aka ƙara tsawon hanya, mai guzuri ne yake kaiwa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata 8. Mai hali ya kai ɗansa jami'ar kuɗi, ko Maraɗi inda Jami'ar Maryam Abacha take, ko Masar, ko Sudan kafin yaƙi. Ɗan talaka ya koma gona yana jira, shekarunsa suna tafiya, alhali tallan aiki da yawa suna sa iyakar shekaru. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6 da kuɗi kawai, har gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A 2023 ne kuma kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki sayar da guraben aiki, inda wani tsohon jami'in hukumar raba daidai ta tarayya ya amsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu nema. Hausawa sun riga sun faɗa, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Akwai wata illa da ba ta shiga ƙididdiga. Michael Young, Baturen Ingila da ya rubuta littafi a 1958 yana gargaɗi kan mulkin masu cancanta, tsoronsa shi ne na sama zai yarda cewa shi ya kai kansa, na ƙasa kuma ya yarda cewa laifinsa ne. Tsarin sarauta, duk da aibinsa, bai taɓa ce wa talaka shi daƙiƙi ne ba, cewa yake ba gidanku ba ne. Jarrabawa kuwa da lamba take gaya masa, shi kuma ya gaskata. Sai ka ji saurayi mai kaifin basira, wanda ya iya warware injin ban ruwa ya mayar, yana cewa shi ba shi da kan boko. Wanda ya tsallake kuma, idan ya dawo gida da mota, yakan ce ai shi ma da ƙafa ya riƙa zuwa makaranta, ya manta da kawun da ya biya masa WAEC da gwamnatin da ta ciyar da shi shekara biyar.

Ba na ganin mafita a soke jarrabawa. A ƙasar da sanayya take da ƙarfi haka, ita ce ɗan abin da ya rage wa marar gata, kuma ranar da aka ajiye ta wasiƙar manya ce za ta maye gurbinta. Gyaran yana kafin ɗakin jarrabawa da bayansa. Makarantar haziƙai ta Bamaina da makarantun kimiyya irin ta Lautai a Gumel suna bin tafarkin 1977, amma suna zaɓe ne bayan an gama firamare, lokacin da tazarar ta riga ta buɗe, don haka sai an ware gurabe ga firamaren ƙauye za su kamo waɗanda aka yi su dominsu. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana taimakon wanda ya riga ya shiga, ba ya kaiwa ga wanda ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare. Kuɗin da ake bukata a wuraren da yara suke zubewa ba su da yawa, lokacinsu ne yake da muhimmanci: watan da ake sayar da fom, makon da ake tafiya jarrabawa, makonnin rajista. Ƙaramar hukuma da masu fitar da zakka da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Maigatari za su iya ɗaukar wannan idan hedimastoci suka ba da sunaye tun daga aji biyar. Sannan a cikin kason jihohin da aka bari a baya, da tallafin karatun jiha, da guraben da ake rabawa ƙananan hukumomi, a ƙara tambaya guda bayan ta asali: a wace firamare ka yi, a wace sakandare ka gama? Rajistocin suna nan a ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Cikin mako guda za a iya zama a lissafa yawan waɗanda suka shiga jami'a da sunan Sule Tankarkar a shekaru 10 da suka wuce, a ware waɗanda suka yi karatunsu a cikinta.